Filon da Ke Ƙarƙashin Gwiwata

Kwana goma bayan an yi mini tiyata a gwiwar dama, likita ya cire zare, ya ce in nemi wurin gashin ƙashi in fara zuwa. Jijiya ce ta tsinke ranar da na zame a matakalar makarantar da nake koyar da lissafi. Ya ba ni mako takwas. Idan na dawo gwiwar ba ta saki ba, zai sake kwantar da ni ya kankare abin da ya daskare a ciki. Na ce masa sau ɗaya ake yanka ni.

Yayana ya riga ya zaɓa mini wuri, mai talabijin da kujeru masu laushi. Na je sau ɗaya. Aka ɗora mini tawul mai ɗumi, aka kunna wani inji yana tsikarar cinyata. Minti arba'in babu wanda ya ce in motsa ƙafar. Na tambayi yarinyar da ke kula da ni digiri nawa gwiwar take lanƙwasawa.

"Ai da sauƙi, Anti."

"Da sauƙi ba lamba ba ce," na ce, na ɗauki sandunana.

Wuri na biyu ɗaki ne guda a bayan wani kantin magani: gado uku, keken motsa jiki, da dogon madubi. Matar da ke riƙe da shi majinyata suna kiranta Sajan, a gabanta da bayan idonta. Ko zama ban gama yi ba ta zaro ma'aunin kusurwa na roba ta ɗora a gefen ƙafata.

"Lanƙwasawa sittin. Miƙewa saura goma sha biyu."

Nan take na ce a rubuta sunana. Ta fara bayanin yadda zan riƙa ajiye ƙafar a gida, na katse ta, na ce duk na karanta wannan tun ina gadon asibiti. Ta dube ni ta saman tabarau.

"To, Malama."

A mota Yaya ya ce, "An ba ki wurin hutawa, kin zaɓi bariki."

"Ƙafarka ce?"

Sau uku a mako nake zuwa. Sajan takan kwantar da ni rub da ciki, ta kama diddigena ta tura shi wajen cinya har sai na ji kamar za a ɓalle murfin gwiwar. A gadon kusa akwai wani tsohon direba da aka sauya wa ƙugu, muna ce masa Baba Direba. Shi tun kafin a taɓa shi yake fara kuwwa.

"'Yata, ki yi ihu mana," yakan ce. "Shi kaɗai ne kyauta a ɗakin nan."

Ban taɓa yi ba. Nakan kafe ido a bango ina ninka sha bakwai a raina har ta sake ni. Kullum ina rubuta lambar lanƙwasawa a littafina: saba'in, tamanin da biyar, casa'in. Ɗayar lambar, ƙaramar, ta miƙewa, ban ba ta ko layi ɗaya ba. Malama ce ni, babban maki nake bi.

A mako na huɗu na kai ɗari da biyar. Ina jiran yabo, sai Sajan ta ce in kwanta rigingine in miƙe ƙafar. Ta auna, ta sake aunawa, sannan ta tura dunƙulen hannunta ƙarƙashin gwiwar. Ya shige gaba ɗaya.

"Har yanzu goma sha biyu. Yaya kike zama a gida?"

"Ina ɗaga ƙafar, kamar yadda aka rubuta."

"Na ji kin karanta. Nuna mini."

Akwai hoton da Yaya ya ɗauke ni don tsokana, na miƙa mata wayar. Ga ni a kan doguwar kujera ina gyaran takardun ɗalibai, ga wani ɗan filo mai taushi a ƙarƙashin gwiwata. Umma ce ta ɗinka shi da hannunta, amma ni na nuna mata inda za ta sa, domin a nan ciwon yake lafawa.

"Dole ya lafa," in ji Sajan. "Kin ba ta abin da take so. Ni in miƙe ta awa ɗaya, ke ki naɗe ta awa ashirin da uku. Ƙarƙashin diddige ake sa filo. Abin da na fara gaya miki ke nan ranar farko."

Baba Direba ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"In ta daskare a haka fa?" na tambaya.

"Ɗingishi, ko wuƙar likita. Saura mako huɗu."

Ban ba da haƙuri ba. Na buɗe littafin na ja sabon layi, na ce ta faɗa mini daga farko, a hankali.

Cire filon daga hannun Umma ya fi komai wuya.

"Yanzu wata can ce za ta koya mini jinyar 'yar da na haifa?"

"Umma, ni na yi kuskuren, ba ke ba."

"Au, ashe kina yi."

Sabon aikin ba shi da wani ado. Diddige a kan naɗaɗɗen tawul, gwiwa a sarari babu abin da ya tare ta, jakar gishiri mai kilo biyu a kanta, minti goma, sau shida a yini. Minti uku na farko babu komai. Daga na biyar sai bayan gwiwar ya fara ja kamar igiyar da aka ɗaure da mota. Umma ta karɓi aikin duba agogo, ta zauna tana kallon zufa tana bin wuyana.

"Ya cika," ta ce.

"Minti bakwai ne, Umma. Ina ganin agogon bango."

"Wancan baya yake yi."

Washegari na tarar ta juya kujerata ta ba wa agogon baya. Na ɗaura nawa a hannu.

Lambar ta sauko da rowa. Goma, tara, ta tsaya a tara kwana shida, har na fara zargin ma'aunin. Sajan ta miƙo mini shi ta ce in auna da kaina, tunda sana'ata ce. Tara ɗin ce. Na ƙara zama biyu a yini, ta ce in rage ɗaya kada gwiwar ta kumbura. Wannan karon na ji magana.

Ranar komawa asibiti Yaya ya kai ni. Likita ya lanƙwasa ƙafar, ɗari da ashirin. Ya miƙe ta, ya danna, ya daɗe yana duban ma'auninsa.

"Saura uku."

Na riƙe bakin gado.

"Ba zan yanka ki saboda uku ba. Amma in kika sake, a nan za ta zauna."

"Ba ni mako uku."

Ya rubuta kwanan wata ya miƙo mini. Na sauko daga gadon, na bar wa Yaya sandar, na taka zuwa ƙofa, diddige da farko sannan yatsu. Taku goma sha huɗu ne.