Tokar Dougal da Gangaren Arewa

Dougal ya bar wasiyya ɗaya tak, kuma kamar duk abin da ya taɓa nema a rayuwarsa, ta zo da wahala: a ƙone gawarsa, a watsa tokarsa a gangaren arewa na tsaunin da ya saba hawa, ranar da ƙungiyarsu ta masu zamiya kan ƙanƙara ke rufe wasan shekara. Matarsa Noeline ta hauro a mota da gwangwanin tokar tun daga Canterbury a kan cinyarta.

Sai dai Oktoba ce, lokacin da sanyi ke ƙarewa a ƙasarsu. Iska mai ɗumi ta kwana tana busawa, ƙanƙarar ba ta daskare ba. 'Yarsu Rhona, wadda ƙungiyar ta ɗora wa tsaron tsaunin, ta dawo daga dubawa a jiƙe har gwiwa. Ta ce ƙafa nutsewa take kamar a kunu, ruwa ya ratsa har ƙasa, kuma da rana ta taɓa gangaren zai iya zaftarewa gaba ɗaya. Ta ɗaura igiya ta rufe hanya.

Fergus, ƙanin marigayin kuma shugaban ƙungiyar, ya riga ya rubuta jawabi, kuma mai jawabi ba ya jin gargaɗi. Ya tunatar da jama'a cewa shi da wansa sun hau wurin nan tun Rhona ba ta san hannun damanta ba.

"'Yar nan, ubanki za ki hana hawa dutsensa?"

"Shi ba abin da zai same shi, Baffa. Ku nake ji."

Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta raba gardama. Tsofaffin abokan Dougal sun riga sun ɗaure takalma, suna kallon Noeline. Ta san in ta taka ta tsallake igiyar, duk za su bi ta, kuma daga ranar babu wanda zai ƙara sauraren Rhona a tsaunin nan. In kuma ta koma gida da gwangwanin, ta saɓa wa mamaci.

Ta tambayi 'yarta ko yau ma za su jefa nakiya daga kan tsauni don fashewarta ta kakkaɓe ƙanƙarar gangaren, kamar yadda suka saba. Rhona ta ce eh, ta bayan dutse za su hau, inda iska ta share.

Noeline ta miƙa mata gwangwanin. "Ɗaura shi a jikin nakiyar."

"Haba matar yaya," in ji Fergus, "wana za ki tayar da nakiya?"

"Da ransa ma da ƙyar nake tayar da shi. Ka karanta jawabinka a nan, ya fi jin daɗi daga nesa."

Suka tsaya a barandar masauki da kofunan shayi. Can sama Rhona ta zama ɗigo ja. Aka ga hayaƙi, sannan ƙarar ta iso. Gangaren ya yi shiru kamar mai shawara, sai ya tsage daga gefe zuwa gefe, ya taho a hankali, da nauyi, ya haɗiye hanyar da za su bi, har da igiyar.

Babu wanda ya nemi a ci gaba da jawabi.

Kafin yamma Fergus ya zagaye kowa yana bayanin cewa wannan taurin kan na Rhona na gidansu ne, a jini yake. Noeline ba ta musa ba. Ta dai san wadda ta yi naƙuda.