Kwalbar da Ta Dawo a Cike

Dauda ya kama kafaɗu, mai Keke Napep ya kama ƙafafu, suka sauko da Sodangi a ƙofar asibiti da hantsi. Saude, matar Sodangi, tana biye da ledar magunguna da takalmin mijinta ƙafa ɗaya.

"Subhanallahi! Sannu Dakta," in ji maigadi, ya wangale musu ƙofa.

Dauda ba likita ba ne. Kemis gare shi kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, da farar riga, da abin awon jini mai faɗin gaskiya ranar da ya ga dama. Mutane ne suka laƙa masa sunan, shi kuma bai ga dalilin ɓata wa jama'a rai da gyara ba.

Sodangi yayansa ne, ciki ɗaya. Manomi ne a Kurya Madaro kafin 'yan bindiga su koro su gari, kuma shekara biyu ke nan yana fama da ciwon hanta. Jiya ya fara kiran Saude da sunan marigayiya uwarsu. Yau da safe sai an girgiza shi yake buɗe ido.

Likitar da ke aiki, Dakta Surayya, ba ta wuce sa'ar 'yar Dauda ta fari ba. Ta miƙar da hannuwan Sodangi, tafukan suka riƙa faɗuwa suna tashi kamar fiffiken kaza.

"Inna, yaushe rabonsa da bayan gida?"

"Yau kwana huɗu."

Likitar ta zazzage ledar a kan tebur, ta ɗaga kwalbar maganin ruwa mai zaƙi. Ko wuyanta ba a sha ba.

"Wannan sau uku muka ce a rana."

"Gudawa yaka sa shi, likita."

"Ai aikinsa ke nan." Ta ja kujera ta zauna, murya a sanyaye. "Akwai guba da hanji ke haifarwa, sunanta amoniya. Hanta mai lafiya ce ke tace ta, tasa kuwa ta gaji. In bai yi bayan gida ba, gubar sai ta bi jini ta hau kai. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu siffar tauraro, su ne masu shara da hidimar gidan. Su ke haɗiye gubar don su kare sauran. In ta yi musu yawa, ruwa sai ya bi ta ya shige su, su kumbura kamar wake a tukunya. To, mai shara ya kwanta, gida ya rikice. Shi ya sa bai gane ku. Wa ya ce a daina ba shi maganin?"

Saude ta dubi Dauda sau ɗaya, gajeren kallo, ta sunkuyar da kai.

"Ni ce."

Dauda ya tsura wa wata takarda da ke manne a bango ido, kamar ba a taɓa rubuta abu mai daɗi irin yadda ake wanke hannu ba.

Ranar Litinin Saude ta same shi a kemis, ta ce yayansa na zagayawa sau uku a wuni. Akwai mutum biyar a kan benci suna saurare. Ya ce yaran asibitin nan za su tsiyaye masa ɗan'uwa tas, a ajiye kwalbar. Ya ɓallo ƙwayoyin tsayar da ciki ya ba ta, ya haɗa da tsire na musamman don ƙarin jini. Takardar bayanin maganin tana cikin kwalin, tabaransa yana aljihu. Amma wa zai tsaya karatu a gaban mutum biyar?

Kafin azahar Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, ta iso daga Ɗan Isa. Ta ji labari tun a ƙofa, ta tare Saude a baranda.

"Ke likita ce? Hala ke kika fi masu boko sani? An ba ki magani ki ba mutum, kin ajiye shi kina kallo kamar turare!"

Saude ta koma gefen gadon mijinta. Dauda ya ce bari ya je masallaci. Ya yi sallar da bai san raka'a nawa ya yi ba, ya daɗe yana neman takalmansa alhali suna gabansa.

Da ya dawo an zura wa Sodangi roba ta hanci ana ɗura masa maganin. Numfashinsa ya yi nauyi, ko tsungulinsa aka yi sai dai ya yamutsa fuska. Likitar tana tsaye da fayil.

"Mun ba shi, har yanzu cikin shiru. Ina so in sani, ya sha wani abu ban da namu? Ko na gargajiya ne, ku faɗa mini. Kada mu yi ta jira a banza."

Saude ta buɗe baki.

"Ya sha maganin tsayar da ciki," in ji Dauda. Muryar ta fito siririya, ba irin ta kemis ba. "Biyu safe, biyu yamma, kwana uku. Ni na ba shi. Ni na ce a ajiye kwalbar."

Ya jira a wanke shi tas. Da ma ya fi son hakan. Likitar ta rubuta, ta tambayi sunan ƙwayar, ta dubi agogo.

"Da ka faɗa da safe, da tuni mun bi ta ƙasa mun wanke cikin," ta ce, ta kira nas. "In bai farfaɗo ba zuwa la'asar, sai Gusau. Hanyar kuma kun san ta."

Gwaggo ta kama hannun rigarsa, idonta taf da hawaye.

"Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Haka ubanka yake, shi ɗauki laifin wani shi aza bisa kansa."

"Gwaggo, wallahi ni ne."

"Yi shiru. Kai da ka san magani tun likitar nan tana goye?"

"Na rantse miki da..."

Amma ta riga ta fita baranda, inda maƙwabta suka fara taruwa. Yana jin ta tana ba su labari daga farko: sakacin Saude, da kirkin Dakta wanda har rantsuwa ya yi don ya rufa wa matar wansa asiri. Wani ya ce ai irinsu sun yi ƙaranci.

Dauda ya nufi ƙofa zai bi ta.

"Ƙyale ta," in ji Saude, ba tare da ta ɗago ba. "Ko ka hau hasumiya ka faɗa, ni za su ce. Taho ka tallafe mishi kai, za su juya shi."

Ya koma ya durƙusa a gefen gadon, ya sa tafukansa biyu ƙarƙashin kan yayansa. Kan yana da ɗumi da nauyi, kuma daga waje babu abin da ya nuna. Nas ta ja labule.