Jirgin Arzika a Ƙofar Kotu

A shekarar da aka datse ruwa a Kainji, gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun En'e. A wani gari kusa da Wara an sauya allon ƙofar kotu, an ba 'yan doka sabon kaki. Alƙali Zaidu yana nan kan kujerarsa.

Arzika mutumin tsibiri ne. An ce wa mutanen tsibirin su tashi kafin ruwan dam ya cinye wurin. Ya ƙetare da iyalinsa zuwa sabon gari, saura geronsa na shekara a rumbu, sai aka sace masa jirgin ruwansa. An kama wani Sallau da shi a Shanga yana dakon albasa. Bai yi musu ba.

Alƙali ya ce a sabon tsari, abin sata a kotu yake zama har a yanke hukunci. Fursunoni suka jawo jirgin daga bakin ruwa, suka ajiye shi a ƙofar kotu, a tsakiyar bazara.

"Allah shi gafarta malam," in ji Arzika, "ɓarawo ya amsa. A ba ni abina in kwaso gerona."

"Wanga ba jirgi ba ne yanzu, shaida ne. Sufeton kotuna na tafe daga Sakkwato. In ya zo, mi zan gwada mishi?"

"To a ɗaure shi cikin ruwa. Rana na tsaga shi."

"Ni za ka gaya ma jirgi? Ubana da shi ya ciyar da mu. Fita."

Gaskiya ne. Alƙali ɗan bakin kogi ne, ya san abin da rana ke yi wa itace.

Sufeto bai zo ba. Kofur Basiru, mai gadin kotu, ya fara zuba wa awakinsa dusa a cikin jirgin. Duk zuwan da Arzika zai yi sai ya tarar tsagar ta ƙara tsawo.

"Baba, ka gode Allah," in ji Basiru. "Da can wa zai tsare maka kaya haka?"

Sai da damina ta kankama sufeto ya iso. Ya zagaya jirgin, ya ce haka ake so, sauran kotuna su yi koyi. Washegari aka ɗaure Sallau, aka ce Arzika ya ɗauki kayansa.

A lokacin ruwa ya fara hawa. Duk mai jirgi yana fama da nasa kwashe-kwashen, babu mai ba da aro. Arzika ya cusa tsummoki a tsagar, ya tura jirgin. Bai fita daga ciyayin bakin gaɓa ba ruwa ya kai masa ƙwauri. Ya juyo.

Daga tudu ana hango jinkar rumbunsa. Bayan kwanaki ita ma ta nutse.

Ran Juma'a suka haɗu da alƙali a ƙofar masallaci.

"Arzika, ka ci shari'a ko godiya babu?"

Arzika ya durƙusa ya yi godiya. Sabon gidansa yana ƙarƙashin wannan kotun.