Notuna a Rigar Auta

Likita bai ɓoye wa iyayen Auta komai ba. Auta na da ciwon daji a ƙoda, maganin da za a ɗura mata ta jijiya kuma mai ƙarfi ne. Yaro mai ƙoshi yakan sha wuya ya tashi. Wanda yunwa ta riga ta cinye kuwa, maganin na iya ƙarasa shi kafin ciwon. Ya ce sai ta ƙara nauyi za a fara. Aka ba su gwangwanayen madara, aka ce a haɗa mata da ƙwai, a dawo da ita awo.

Uban yarinyar tsofaffin ƙarafa yake saye da sayarwa a kan sikeli, kuma mutum ne mai jama'a. Da labari ya bazu sai masu dubiya suka cika falo. Su leƙa ɗaki, su ce "Allah ya ba ta lafiya", su dawo su miƙe ƙafa. Shi kuwa abin kunya ne a wurinsa ya ba baƙo baƙin shayi.

"Maman Auta, miƙo gwangwanin nan."

"Na yarinya ne, maigida."

"Cokali nawa take sha? Ko leɓenta ba ta jiƙawa. So kike a ce an zo gidana an sha ruwan zafi?"

Wani abokinsa mai tumbi ya zuba cokali uku, ya lashe cokalin, ya ce madarar asibiti ta fi ta kanti garɗi. Aka yi dariya. A ɗaki Auta na kwance, ciki a kumbure, hannuwa kamar sillen kara. Ƙwan ma a cikin burodin baƙi ya ƙare. Manyan mutane da furfurarsu suka cinye abincin mara lafiya, suna yi mata addu'a da bakin da ke maiƙo.

Ranar awo uban ne da kansa ya sa mata riga, abin da bai taɓa yi ba. Rigar sanyi ce mai kauri, ya kuma hana uwar ɗaukarta, shi ya saɓa ta har asibiti.

Nas ta ɗora ta a kan sikeli, ta duba, ta yi murmushi.

"Kun yi ƙoƙari. Ta hau sosai. Yau za a fara."

Uban ya shafa gemu. "Ai ba mu yi wasa ba, Sista."

Uwar ta sunkuya ta ɗauki 'yarta. Wani abu mai tauri ya bugi tsintsiyar hannunta. Ta shafa gefen rigar ta ciki, ta ji ɗinki sabo, manya-manyan ɗinki irin na mai ɗinke buhu, da ƙarfe jere a ciki. Ta dubi mijinta. Ya ƙifta mata ido.

"Sista," in ji ta, "maganin nan, da me ake auna yawansa?"

"Da nauyinta mana. Yadda ta kai, haka za a zuba."

"In an zuba fiye da abin da jikinta zai ɗauka fa?"

Nas ta daina rubutu.

"Ke, rufa mana asiri," uban ya ce ƙasa-ƙasa. "Taimakonta na yi. Kullum a ce a dawo, a dawo. A fara kawai, sauran na Allah ne."

"'Yar taka ce ka mayar buhun ƙarfe?" in ji uwar.

Ta sa haƙori ta tsinke zaren. Notunan ƙarfe masu tsatsa suka zube a kan siminti, suna gangarawa ƙarƙashin benci, har gaban ƙafafun sauran iyaye da ke layi. Wata tsohuwa ta janye ƙafarta kamar an zubar da ƙazanta.

Aka cire rigar, aka sake awo. Auta ta ragu a kan yadda aka kawo ta da farko.

Likita ya zo, ya dubi sikelin, ya dubi notunan da ke ƙasa. Bai yi wa uban magana ba. Uwar ya gaya wa cewa ba za a fara yau ba, kuma jinkirin nan ciwon ne ke cin ribarsa. Za a kwantar da yarinyar a ciyar da ita a nan, inda madararta za ta shiga cikinta.

"Masu dubiya fa?" uban ya tambaya. "Me zan ce musu?"

"Ka ce madara ta ƙare," in ji matarsa.

Ta rungumi Auta ta bi nas zuwa ɗakin kwanciya. A bakin ƙofa ta waiwaya. Yana durƙushe, hannunsa a ƙarƙashin benci, yana tsince notunansa yana zubawa a aljihu.