Ruwan Gorubar Nabra

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama tsoho Dahab, ko ɗigon ruwa bai wuce maƙogwaronsa ba. Likitan garin Aswan ya ce in har bai haɗiyi komai da kansa ba, dole a kai shi Alƙahira a zura masa roba ta hanci. Matarsa Nabra kuwa ta san babu abin da mutumin nan yake tsoro kamar ya mutu nesa da ƙauyensu na bakin Nilu.

Ɗansu Awad ya zo daga birni da lemon kwali da tuffa mai sheƙi. Duk abin da aka ɗura wa tsohon, sai ya biyo gefen baki ya jiƙa matashi. Ranar Laraba da hantsi Awad ya kira motar da za ta kai shi Alƙahira.

Nabra ta tashi ta fita. Ta ɗauko goruba daga bishiyar bayan gida, ta kirɓa a turmi, ta jiƙa, ta tace da tsohon mayafinta.

"Haba Umma, abincin jakuna za ki ba shi?" in ji Awad.

"Jakin da ya haife ka da shi ya girma. Gorubar nan ita ta riƙe mana ciki shekarar da babu alkama, ita ke kwantar masa da jini in ya hau. Matsa ka ba ni wuri."

Ta zauna a bakin gado. Ta kai cokali kusa da hancinsa tukuna, ƙamshin ya shige shi.

"Baban Awad, ga mota can a ƙofa," in ji ta a hankali. "Ni dai ba ni da ƙarfin hana su tafiya da kai. Kai kaɗai za ka iya."

Idonsa mai lafiyar ya tsaya a kanta. Ta zuba masa kaɗan a kan harshe. Ruwan ya taru a bakinsa, ya daɗe a wurin, har Awad ya kawar da kai. Can sai maƙogwaron ya motsa sama, ya dawo ƙasa.

Ta sake ba shi, ya sake haɗiyewa da ƙyar, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Awad ya durƙusa ya karɓi cokalin, hawaye na sauka a gemunsa.

"Umma, nawa-nawa ake zubawa?"

"Kaɗan-kaɗan, ɗana. Ba inda za shi."