Kantar Pamfil da Katakon Akwatina

A garinmu mutumin kirki ba ya barin 'ya'yansa su yi yawon neman katako ranar da ya mutu. Tun da sauran ƙarfinsa yake yankan katakon akwatin gawarsa ya ajiye. Kakana ya yi, ubana ya yi, ni ma na yi. Shekarar da iska ta kayar da bishiyar nuk ta bayan gidanmu, iccen nan mai tsada da ƙarko, na kai ta wurin masu zarto, aka fitar min da alluna masu kauri, baƙi-baƙi, masu zane a jiki. Rabinsu ya tafi da matata Saveta, Allah ya jiƙanta. Rabin da ya rage nawa ne. Na jera shi a saman rumbun ciyawa, duk kaka in hau in juya shi don kada ya lanƙwashe.

Pamfil, mijin 'yata Veturia, shi ke da mashayar garin. Kujerun roba ne a ciki, farare, da talabijin da ba ya kama komai sai ƙwallo. Ba wanda ya taɓa kuka da haka. Sai aka shimfiɗa kwalta zuwa kan dutse, motocin 'yan birni suka fara wucewa. Su leƙo, su ga kujerun roba, su koma mota. Veturia ta ce ba za ta saɓu ba. Ta ɗauko wani mutum daga birnin Sibiu, Domnu Tiberiu, wato Malam Tiberiu, wanda aikinsa shi ne gaya wa mutane inda za su ajiye kujera. Da ƙyalle ɗaure a wuya ya zo, cikin wannan zafi.

Ina zaune ranar da ya fara shigowa, ni da Gligor. Gligor shi ya riƙe Veturia ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa muke kiran juna kumatre. Tiberiu ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya juya, ya sake juyawa.

Ya ce, "Abin da nake so, duk wanda ya shigo nan ya ji kamar yana ƙauye."

Gligor ya ce, "To yanzu a ina muke, Domnu?"

Tiberiu ya juya masa baya. Ya sa aka fitar da kujerun roba. Pamfil ya bi su da kallo har ƙofa, don da guminsa ya saye su. Aka kankare farin fenti daga bango har dutse ya fito. Daga nan Tiberiu ya shiga bin gidaje yana neman tarkace: karyayyar karkiyar shanu, tukwanen ƙasa masu tsaguwa, fitilun kananzir, tsofaffin tawul masu surfani da mata suka daina ratayawa. Gligor ya ba da ƙafar keken shanun ubansa, amma sai da ya shafa mata sabon shuɗin fenti tukuna, don kada a ce gidansu ƙazamai ne. Tiberiu ya ga ƙafar, ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Yini guda aka yi ana kankare ta.

Ni ban ba da komai ba. Kayan gidana ba na nuni ba ne.

A watan Agusta na tafi idin Maryamu a gidan sufaye tare da ƙanwata. Da na dawo sai na ga tsani ba a inda na bar shi ba. Na hau rumbu. Ciyawa na nan, kashin kaji na nan, katako babu.

Veturia tana feren dankali a tsakar gida.

Na ce, "Ina katakona?"

"Wane katako, Tata?" Haka ita da mijinta suke kirana, wato Baba.

"Kin san wanne."

Ta ci gaba da fere. Dankalin nan ta fere shi har ya kusa ƙarewa a hannunta. Can ta ce, "Pamfil ne ya kai Domnu Tiberiu rumbu neman tsohon lauje. Ni ba na nan. Da na ji labari an riga an buga ƙusa."

Na sa hulata na nufi mashaya.

Gobe za a buɗe, don haka maza sun taru suna kallo, Pamfil yana zuba musu tsuika, barasar garinmu, su ɗanɗana. Na tsaya a ƙofa. Ban gane wurin ba. An rataye karkiya a sama, tukwane a jere, benci na icce a ko'ina. A ƙarshen ɗakin kuwa ga wata doguwar kanta, baƙa, tana sheƙi. Maza sun jingina da ita, kowa da ƙaramin kofinsa a kai. Ko daga ƙofa na gane zanen nan mai kama da idon saniya da ke jikin allon tsakiya.

Tiberiu ya taho da hannu a buɗe, yana kirana Mosh, yadda ake kiran tsoho a wurinmu. "Mosh Ilarie! Kai ne mai katakon nan? Na yi shekaru ina aikin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Me ka ajiye shi ka yi da shi?"

Na ce, "In kwanta a ciki."

"Gado?"

Gligor ne ya fara ganewa. Ya ɗaga kofinsa daga kan kantar a hankali, ya yi alamar gicciye, ya ja da baya. Sauran suka bi shi. Wani har ya goge inda ya ɗora gwiwar hannu da hularsa. Pamfil ya tsaya da kwalba a hannu, bakinsa a buɗe.

Ya ce, "Tata, na rantse ban sani ba. Na ɗauka ragowar ginin rumbu ne. Duk kashin kaji ya rufe shi."

"Kai a wane gari aka haife ka? Ka ga katakon nuk a jere a rumbun tsoho, da 'yan sanduna tsakani don iska ta shiga, ka ce ragowar gini ne?"

Gligor ya yi wa Tiberiu bayani a kunne. Na zaci zai ji kunya. Sai na ga idonsa ya ƙara haske.

Ya ce, "Kai! Wannan ai ya fi komai! Mutanen birnin Bukarest za su yi layi. Za mu rubuta a ɗan allo, mu liƙa a nan..."

Na ce, "Ka liƙa wani abu a nan, kai za a fara sawa a ciki."

Ya janye hannunsa daga kantar.

Na ce wa Pamfil ya ɗauko abin cire ƙusa. Ya fara roƙo. Gobe magajin gari zai zo, an yanka alade, an kira masu goge. Ya ce zai saya min akwati a birni, wanda ya fi kowane tsada, mai hannuwan ƙarfe masu ƙyalli da farin yadi a ciki.

Na ce, "Garin katako da gam. Ruwa ɗaya zai jiƙa ya rufta min a fuska. Saveta tana cikin nuk, ni in je kusa da ita cikin kwali?"

Gligor ya ce, "Za ta ce ka shanye kuɗin ne, kumatre."

"Kai rufe bakinka."

Sai wani abu ya faɗo min a rai. Na taka zuwa ƙarshen kantar, na shafa bakin allon. Sabon yanka ne, fari.

"Kun yanke shi."

Tiberiu ya ce, "Kaɗan ne, Mosh Ilarie. Bango ne ya tare. Bai kai taƙi ɗaya ba."

Lokacin da aka yanka allunan nan, kwanciya na yi a kansu a gidan zarto aka auna ni, aka bar min ɗan sarari a ƙafa. In sun gajarce, magana ta ƙare, ko an cire ƙusa ba su da amfani. Na cire hula na miƙa wa Gligor. Na ce a kawo benci.

Pamfil ya ce, "Tata, don Allah, mutane suna kallo."

"Su kalla."

Na taka benci na hau. Gwiwata ta yi ƙara, ba wanda ya yi dariya. Na kwanta a kan kantar, na miƙe ƙafafu, na haɗa hannuwa a ƙirji. Karkiyar shanu tana lilo a samana. A daidai lokacin Veturia ta shigo da tiren kofuna, ta gan ni, ta ƙwalla ƙara, tire ya tafi ƙasa.

Gligor ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata, gwaji yake yi."

Na ce, "Duba ƙafata, kumatre. Ta leƙa?"

Ya zagaya ya duba. Ya dawo wajen kaina ya duba. Ya auna da yatsu.

"Ba ta leƙa ba. Har da saura."

"Ƙarya kake."

"Na rantse da kabarin uwata. Ko da takalmi aka sa ka za ka shiga. Ka ƙanƙance, Ilarie. Da kai ne dogon garin nan, yanzu kafaɗarmu ɗaya."

Wannan magana ta fi yankan ciwo. Amma katako ya isa, shi ne abin da na zo sani. Ina ƙoƙarin tashi sai na ji iska tana taɓa ni a ƙugu. Na laluba. Rami ne, zagayayye, ya huda allon har ƙasa.

"Wannan fa?"

Pamfil ya ce da ƙaramar murya, "Nan famfon giya zai fito."

Gligor ya ce, "A bar shi haka, kumatre. Ka riƙa shan iska."

Nan maza suka kasa riƙewa. Har Veturia ta toshe baki da gefen ɗankwalinta. Ni ban yi dariya ba. Na sauko, na karɓi hulata.

Tiberiu ya matso, wannan karon ba hayaniya. Ya ce rami ba komai ba ne, guntun da aka yanke yana nan, kafinta zai fere toshi daga ciki ya buga, ba wanda zai gane. Sannan ya ce in zo in ga wani abu. Ya kai ni bayan kantar, ya durƙusa, ya nuna min ƙasan allon gefe. Ƙananan huji ne birjik, kamar an tsira allura.

Ya ce, "Ƙwaro ya shiga tun a rumbu. Da ya ƙara damina biyu a can, gari za ka tarar. Na sa magani, na shafe shi da mai da kakin zuma."

Na sa farce na ƙwaƙule. Gaskiya ya faɗa. Ina juya katakon duk kaka, amma idona ya daina ganin ƙaramin abu a duhun rumbu. Na miƙe na sake kallon kantar daga sama. A nan ba danshi, ba kaji, kuma kullum za a goge ta. Ban taɓa ganin katakona da kyau haka ba. Mazan ma sun dawo kusa, suna shafa shi da bayan hannu.

Wani ya ce, "Mosh Ilarie, haka za ka tafi? Ko magajin gari bai samu irin wannan ba."

Gligor ya ce nasa katakon ma ba laifi, in Domnu Tiberiu yana neman na tebur. Tiberiu ya tambaye shi wane icce ne. Gligor ya ce fir ne, iccen nan mai arha da ake samu ko'ina. Tiberiu ya ce ya gode.

Na kira Pamfil gaban kowa. Na ce kanta za ta zauna, amma aro ce. Ba mai yanka albasa a kanta, ba mai kashe taba, ba mai buga karta da ƙarfi. Kowane kofi da ɗan ƙyalle a ƙarƙashinsa. Ranar da na mutu kuwa, kafin a buga ƙararrawar coci, za a cire ta a kai wa kafinta, ko da ranar biki ce, ko da mashaya cike take da mutanen Bukarest.

Pamfil ya ce, "To ni a kan me zan sayar da giya daga ranar?"

"Wannan damuwarka ce."

Ya ba ni hannu. Gligor ya zama shaida.

Aka buɗe. 'Yan birni suka fara tsayawa. Ba a liƙa allo ba, amma Gligor yana ba kowa labari in an saya masa kofi ɗaya, kuma duk mako labarin yana ƙara tsawo. Ni ina da kujera a ƙarshen kantar, inda kaina zai kasance. Daga nan nake ganin kowa. Wata mata ta ɗora tukunyar miya mai zafi, na sa ta ɗauke. Wani saurayi ya fito da wuƙa zai rubuta sunan budurwarsa, bai kai ga harafi na biyu ba.

Abin da ban hango ba shi ne Pamfil. Tun aurensa da 'yata bai taɓa tambayar lafiyata ba. Yanzu in na yi tari sau ɗaya sai ya rufe taga. Ya saya min rigar ulu. Ya hana ni hawa tsani, ya hana ni faskare. Ya ɗauko likita daga Sibiu ya matse min hannu da wata roba, likita ya ce a rage gishiri da kitsen alade. Tuwon masarata yanzu ba cuku, ba soyayyen kitse.

Shekaranjiya da rana na buga kofina a kan ƙyalle, na ce a ƙaro tsuika. Pamfil ya kawo min shayin ganye mai ɗumi.

Na ce, "Suruki, me na ce ka kawo?"

"Ka sha ɗaya, Tata. Likita ya ce ɗaya."

"A kan katakona nake zaune."

"Na sani. An riga an kama wurin nan don bikin aure har bazara mai zuwa. Sha shayinka."

Gligor ya ɗaga kofinsa cike, ya ce, "Allah ya ja kwananka, kumatre." Duk mashayar ta amsa da amin, muryar Pamfil ta fi ta kowa ƙarfi. Na ture shayin gefe. Ya dawo min da shi gabana, ya gyara ƙyallen da ke ƙarƙashinsa, ya tsaya a kaina har na sha.