Bayan Gidan Lusia a Ravu

Ranar da rediyo ya ce sojoji da 'yan sandan Ostareliya za su tattara su bar Tsibiran Solomon ƙarshen watan Yuni, Lusia Maefasia tana kankare ɓawon kifi a babbar kasuwar Honiara. Sai ta ajiye wuƙar.

Shekara goma sha takwas ke nan rabonta da Ravu. A can aka haife ta, gefen gandun kwakwar manja inda mahaifinta ya zo leburanci daga tsibirin Malaita. A can ta yi aure, a bayan gidan kuma ta binne 'yarta ta fari, Rut, tana shekara uku. Da mazan tsibirin Guadalcanal, inda Ravu take, suka ɗauki bindiga suka ce duk ɗan Malaita ya bar musu ƙasarsu, da zane ɗaya Lusia ta fito. Bayan shekara huɗu baƙin nan na Ostareliya suka sauka da jirage, suka karɓe bindigogi, gari ya lafa. Kullum tana cewa za ta je Ravu, kullum sai ta ɗaga zuwa baɗi. Tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba.

Yanzu ga shi masu tsaron hanyar za su tafi, kuma babu wanda ya san abin da zai biyo baya.

Ta bar kifinta wa maƙwabciyar tebur, ta nufi layin masu gwaza. Salome Vuria tana can, kamar kowace Asabar. Tare suka tashi a Ravu, gida na kallon gida. Shekara da shekaru suna gaisawa a kasuwar nan, amma ba wadda ta taɓa ambaton Ravu, don yayan Salome, Donasiano, shi ya sa wa gidan Lusia wuta.

"Ke mai ƙarnin kifi, matsa, kada ki kore mini masu saye," in ji Salome.

"Wa zai sayi wannan gwazar? Ko alade sai ya yi tunani." Lusia ta tsuguna, ta rage murya. "'Yar uwa, ina so in ga Rut. Kafin mutanen nan su tafi."

Salome ta daɗe tana juya gwaza ɗaya a hannu.

"Motarmu ƙarfe biyu take tashi. Ki wanke hannun nan dai."

A bayan akori-kura, Lusia ta riƙa gane wurare tun kafin a iso su: gadar da suke tsalle daga kanta, cocin da aka ɗaura mata aure. Ƙamshin ƙasar bayan ruwa bai canza ba. Da ta ji yaren garin yana tashi a bakin mata, sai ta iske bakinta yana amsawa, ko kalma ɗaya ba ta manta ba.

Inda gidanta yake ya zama gonar koko. Ta tsaya ta rasa gabas, ta rasa yamma. Salome ta ja hannunta cikin layukan, har suka zo wani wuri da aka tsallake bishiya biyu ba a shuka ba. An kewaye shi da fararen duwatsun rafi, babu ciyawa ko ɗaya.

Lusia ta zauna a ƙasa. Ta gaya wa Rut cewa babanta, mijin Lusia, ya rasu, ƙannenta uku sun girma, ɗaya ma ta haihu. Ta yi kukanta babu sauri.

Da ta ɗago, ga wani mutum tsaye nesa kaɗan, furfura ta cika kansa, yana dogara sanda. Sai da ya yi magana ta gane Donasiano.

"Ni nake nome wurin," ya ce, idonsa a ƙasa. "Turawan nan sun karɓi bindigata sun yanka ta gida uku. Amma ba wanda ya taɓa tambayata abin da na yi da ita. Ina ta jiran ki zo ki tambaya."

"Ban zo tambaya ba, Yaya. Wurin 'yata na zo."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya a hankali ya tafi.

Da suka fito bakin hanya, Lusia ta kalli wani fili a bayan cocin.

"Ko ɗaki ɗaya ne in gina a can, Salome. Na tsufa, ba gona nake nema ba."

"Ziyara kam, ki zo duk ranar da kika so," in ji Salome. "Zama kuwa sai dattawa sun zauna, an yanka alade, an yi magana a bainar jama'a. Wannan ba aikin da baƙo zai yi mana ba ne. Zan fara da mahaifiyarmu, ƙasar ta tsatsonta ce, a nan ta wurin uwa ake gadon ƙasa."

"Zai ɗauki lokaci?"

"Zai ɗauka."

Motar yamma ta tsaya. Salome ta jefa mata damin gwaza a ƙafa, ta ce ta kai wa aladun Malaita su ɗanɗana. Lusia ta yi dariya, hanci na zuba. Ta zauna ta ba direba baya, fuskarta na kallon Ravu, har kwanar gada ta ɓoye rufin cocin.